Makarantar da ta yaye Kudus ba ƙwallo kaɗai take koyarwa ba

Duk mai ɗa namiji a zango ya san wannan rigimar: yaro ya ƙi boko, ya ƙi zaman shago, sai ƙwallo. Da ka buɗe baki ya ce, "Baba, to Kudus fa?" Tunda Kudus ne hujjarsu, bari mu bi sawunsa.

Mohammed Kudus ɗan Nima ne a Accra, unguwar da da Hausa ake cinikin koko da ƙosai. An haife shi a 2000. Yana yaro ƙarami makarantar Right to Dream ta ɗauke shi. Wani Bature ɗan Ingila, Tom Vernon, ya kafa ta a 1999 da yara 'yan kaɗan, daga baya kuma ta koma kusa da Akosombo, a gefen kogin Volta. Makarantar kwana ce. Yaron da aka ɗauka, ci da sha da karatu duk a kansu, uba ba ya biyan ko sisi. Kuma aji dole ne, kamar yadda fili yake dole.

A 2015 masu makarantar suka sayi ƙungiyar ƙwallo sukutum a Denmark, FC Nordsjælland, wadda ke buga babbar gasar ƙasar. Ta nan Kudus ya shiga Turai a 2018, ya wuce Ajax a 2020, West Ham a 2023, sai Tottenham a 2025. Kamaldeen Sulemana na Techiman ma ta wannan ƙofar ya fita.

Wannan ɓangaren yaranmu sun haddace shi kamar karatun allo. Wanda ba sa faɗa mana shi ne ƙofa ta biyu. Makarantar tana nema wa ɗalibanta gurbin karatu kyauta a sakandare da jami'o'in Amurka da Ingila. Akwai Ousseni Bouda, yaro daga Wagadugu. Daga Right to Dream ya tafi sakandaren Millbrook a jihar New York, daga can sai Jami'ar Stanford, wadda 'ya'yan masu kuɗin Amurka ma ba kowa ke samun shiga ba. Sai bayan nan ya shiga ƙwallon kuɗi a San Jose. Ni wallahi wannan ta fi burge ni, don gwiwa tana iya lalacewa rana ɗaya, a wasan da ko 'yan kallo babu. Tun 2013 ma suna ɗaukar 'yan mata.

Kada kuma a ɗauka sadaka ce zalla. Mu 'yan kasuwa ne, mun san ba a zuba jari don a yi kallo. Ajax ta biya kusan Yuro miliyan 9 kafin ta karɓi Kudus, kuma irin wannan cinikin ne ke taimakawa wajen riƙe sauran yaran. Ni ban ga laifi ba, matuƙar wanda ƙafarsa ba ta kai ba zai fita da takarda a hannu. Sai dai a sani, dubbai ke zuwa gwaji, 'yan ƙalilan ake ɗauka. Ɗanka da ke zura biyar a filin unguwa, can zai tarar da ɗari irinsa.

Abin da ya sa na ɗauki biro, Alhaji, shi ne 'yan damfara da ke yawo a zangunanmu da sunan ejan. Mutum ya zo da kwat da jakar hannu, ya ce a kawo kuɗin biza da na jirgi zai kai yaro Turai. An sayar da shago a kan wannan, an sayar da fili a gida. Alhali dokar FIFA ta hana sayar da yaron da bai kai shekara 18 ba zuwa ƙungiyar wata ƙasa, in ban da wasu 'yan dalilai da ba kasafai suke shafar irin yaranmu ba. Kudus kansa sai da ya cika 18 sannan ya fara buga wasan gasa a Denmark.

In irin wannan baƙon ya yi maka sallama, ka ba shi ruwa, sannan ka tambaye shi sunan makarantar da yaron zai yi karatu, da wanda zai biya kuɗinta.