Man Gyaɗa a Tankin Tarakta: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Tun da litar gas ta haura naira 1,000 a 2023, masu tarakta a Jega da Maiyama da manoman albasa na Aliero ke jin ana cewa injin dizal na shan man girki. Maganar gaskiya ce. A baje kolin birnin Faris na 1900 an tayar da injin dizal da man gyaɗa zalla, kuma Rudolf Diesel, wanda ya ƙirƙiro injin, ya yaba da yadda ya yi aiki.

Matsalar ita ce kauri. Man gyaɗa ya ninka gas kauri kusan sau goma, don haka nozul ba ya iya fesa shi ya zama feshi mai laushi. Sai ya riƙa ɗiga, ya ƙi ƙonewa duka, baƙar dauɗa ta daskare a bakin nozul da zoben fistin. Wani kuma ya zurare cikin baƙin mai ya mayar da shi kamar kunu. Injin ba zai mutu ran nan ba. Zai yi ta huɗa lafiya lau, sai bayan watanni ƙarfi ya ragu, hayaƙi ya yi yawa, a kira bakanike. Da sanyin hunturu abin ya fi muni, manja ma daskarewa yake yi.

Masu yin abin bisa ƙa'ida tanki biyu suke sawa. A tayar da injin da gas, zafin injin ya ɗumama man zuwa wajen digiri 70, sannan a juya zuwa man girkin; kafin a kashe a koma kan gas don ya wanke bututu. Tsofaffin injina sun fi jurewa, sababbi masu kwamfuta kuwa kada ma a gwada. Ɗaya hanyar ita ce a sarrafa man da sinadarin metanol da soda, kaurin ya karye.

To amma a je kasuwar Jega a tambayi kuɗin galan na man gyaɗa. Ya fi gas tsada, ga shi ƙarfinsa bai kai na gas ba da kusan kashi 10 cikin 100. Wanda ya zuba shi a tanki asara biyu ya yi.

Inda lissafin zai iya fita shi ne man da ba a ci, irin na bini-da-zugu da ake shingen gona da shi, wanda aka ba garin Garalo na ƙasar Mali lantarki da shi. Ragowar man tuyar ƙosai ma ana amfani da shi, amma sai an tace shi sosai an raba shi da ruwa da gishiri, in ba haka ba famfon mai ne zai fara lalacewa.