Saura Maki 12: Yadda Tikitin Hamburg Ya Ceto Katin Baba



Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe a Ingila ya san daren awon kaya. Gobe tafiya gida, an baje akwatuna a falo, an ɗauko sikelin banɗaki. Ƙaninka ya hau shi kaɗai a duba, ya sake hawa rungume da akwati a cire nauyinsa. Umma na tsaye tana rantsuwa takalman Gwaggo sai sun tafi, ko da kuwa za a bar rigunan kowa. A gidanmu a Manchester abin da yake kashe wannan gardamar wani kati ne da ke cikin wayar Baba, katin Silver na Flying Blue, wato tsarin tara maki na Air France da KLM. Mai wannan katin ana ƙara masa akwati guda kyauta, kilo 23, a tafiya da kuma dawowa. Da shi ake kai tsaraba, da shi ake dawo da kuka da daddawa da yaji da ɗinkin Sallah.

To, kwanakin baya Baba ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kai ɗan boko, duba mini nan, me mutanen nan suke nufi?" Saƙo ne cewa shekararsa ta kati za ta ƙare nan da mako biyar, makinsa 88, ana neman 100. In bai cike ba, kati ya faɗi, akwatin Umma ya tafi. Daga ɗaki muka ji muryarta: "Alhaji, a dai san yadda za a yi." Abin da na koya a wannan makon shi na ce bari in kawo muku, don na san ba gidanmu kaɗai ba ne.

Da farko, maki iri biyu ne, kuma nan mutanenmu suke ruɗewa. Akwai mil, wanda ake tarawa kamar asusu a sayi tikiti da shi. Akwai kuma makin matsayi, wanda ba a sayen komai da shi, aikinsa kawai ya kai ka Silver ko Gold. Kana iya tara mil dubu hamsin amma katinka ya faɗi. Wannan harkar ta samo asali a Amurka, inda American Airlines ya buɗe AAdvantage a 1981. Daga baya kamfanoni suka haɗa ƙawance: Star Alliance a 1997, oneworld a 1999, SkyTeam a 2000. Amfanin ƙawancen shi ne katin kamfani ɗaya yana aiki a sauran 'yan ƙungiyarsa. Ethiopian da EgyptAir da Turkish duk 'yan Star Alliance ne. British Airways da Qatar suna oneworld. Air France, KLM, Kenya Airways da Saudia kuma SkyTeam. Saboda haka in Baba ya tafi Umra a Saudia, yana iya sa lambarsa ta Flying Blue a tikitin. Iyayenmu da yawa suna da kati uku ko huɗu, kowanne da ɗan maki kaɗan, babu wanda ya kai ko'ina. Kati ɗaya ya kamata a riƙe a kowace ƙungiya.

Abin da ake kira tafiyar neman maki ba sabon abu ba ne. Mutum ya sayi tikiti mafi araha mai nisa, ya je ya dawo, wani ma ko filin jirgi ba zai fita ba, don kawai ya cike gibin shekara. A da hakan yana ci sosai domin nisan tafiya ake ƙirgawa. Yanzu kamfanoni da dama sun koma ƙirga kuɗin da ka kashe. Delta ta Amurka ta koma kan dala zalla a 2024. British Airways ya bi sahu ranar 1 ga Afrilu 2025: fam ɗaya maki ɗaya, Bronze 3,500, Silver 7,500, Gold 20,000, kuma harajin gwamnati da ke cikin tikitin ba ya shiga lissafi. A tsohon tsarinsu Silver maki 600 ne, tashi ɗaya a kujerar bizines mai wuce mil 2,000 yana ba da 140, don haka mai wayo da tikiti ɗaya mai ya-da-zango sai ya kusa gamawa. Wannan ƙofar ta rufe. An bar wata, ta yawan tashi: sau 25 a jiragensu Bronze, sau 50 Silver. Amma wane ɗalibi ne zai hau jirgi sau 50 a shekara? A irin wannan tsarin tikiti mai araha maki mai araha yake bayarwa, shi ke nan.

Sa'ar da muka ci, Flying Blue ba haka yake ƙirga matsayi ba. Makinsu sunansa XP, kuma ana bayarwa ne a kan kowane tashi, gwargwadon nisa da irin kujera, ko nawa ka biya. A kujerun baya, tashi tsakanin ƙasa da ƙasa da bai kai mil 2,000 ba XP 5 ne. Daga 2,000 zuwa 3,500 XP 8. Silver na neman 100 a wata 12, Gold 180, Platinum 300. Sai na zauna na yi wa Baba lissafi. Manchester zuwa Paris 5, Paris zuwa Abuja 8, zuwa da dawowa 26. Ya je gida sau uku, 78 ke nan. Ya je Amsterdam sau ɗaya a kan aiki, 10. Jimla 88.

Ga inda na kusa yin kwaɓa. Tikiti mafi araha da na fara gani shi ne Manchester zuwa Amsterdam a dawo. Har na ɗauko katin banki sai na tsaya: tashi biyu, maki 10, zai tsaya a 98. Da mun biya kuɗi, Baba ya sha wahala, kati kuma ya faɗi a kan maki 2. Wallahi da ban san inda zan sa kaina a gidan nan ba. Abin da ya dace shi ne tikiti mai canjin jirgi, tunda kowane tashi daban ake ƙirga shi. Manchester, Amsterdam, wani gari a wata ƙasar, sannan a dawo ta hanya ɗaya: tashi huɗu, maki 20. Abin dariya, irin wannan tikitin sau da yawa bai fi na kai tsaye tsada sosai ba, domin yawancin matafiya gudun ya-da-zango suke yi.

Na buɗe Google Flights, na bar wurin zuwa a buɗe, na tace jiragen SkyTeam kaɗai, na duba ranakun tsakiyar mako. Garuruwa suka fito a jere. Ina karanto wa Baba su, da na zo Hamburg sai ya ɗaga hannu. Ashe akwai amininsa a can, tare suka yi makarantar kwana, rabonsu da haɗuwa tun kafin a haife ni. Nan take tafiyar neman maki ta koma ziyara. Tikitin bai kai fam 200 ba, masauki kuma ga gidan aboki.

Kafin wani ya ruga ya saya, ga abubuwan da ya kamata a duba. A fara sanin ranar da shekarar kati take ƙarewa, don ba kowa ce ke bin Janairu zuwa Disamba ba. Ta Flying Blue kowa da tasa, ta British Airways kuma tana ƙarewa 31 ga Maris. Kada a bari sai makon ƙarshe, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma maki kan ɗauki kwanaki kafin ya shiga. Jiragen Ryanair da easyJet, duk araharsu, ba sa cikin waɗannan ƙungiyoyi uku, ba za su ƙara maka komai ba. Tikitin da aka saya da mil ma a Flying Blue ba ya kawo XP. In jirgin na abokin ƙawance ne, a duba harafin ajin tikitin, domin mafi arha a cikinsu wani lokaci maki kaɗan yake bayarwa ko babu gaba ɗaya. A guji Disamba da hutun bazara da makon Sallah. Sai babba a wurinmu, fasfo. Mu da muke da na Birtaniya muna shiga Jamus ba biza, amma mai koren fasfo, ko da yana da takardar zama a Ingila, sai ya nemi bizar Schengen. Kuɗinta da jiran ta kaɗai sun isa su ɓata lissafin.

Tambayar da ta fi duka ita ce, katin ya kai kuɗin? Wajen Baba amsa a fili take. Gida sau uku a shekara, akwati shida ke nan zuwa da dawowa. Na duba kuɗin ƙarin akwati a hanyar Abuja na ninka shida, ya wuce kuɗin Hamburg nesa ba kusa ba. Amma ina da aboki a makaranta da ya ƙwallafa rai sai ya samu Gold, don ya shiga falon hutawa na filin jirgi ya ɗauki hoto. Sau ɗaya yake zuwa gida a shekara. Na ce masa, malam, kuɗin da za ka zuba ka tara maki 180 bayan ka kai Silver, kuɗin hayarka ne na watanni, duk a kan shayi da biskit. Garin neman ƙiba za ka samo rama. Yawancinmu ɗalibai gara mu biya kuɗin akwati sau ɗaya mu huta. Wannan dabarar ta wanda ya riga ya kusa kaiwa ce, gibinsa kaɗan, kuma ya tabbata zai mori katin baɗi.

Akwai kuma abin da ba na so mu manta. Hawa jirgi ba gaira ba dalili ƙona mai ne a banza, kuma mu ne muka fi kowa jin labarin yadda Tafkin Chadi ya ja baya da yadda damina ta rikice a gida. In za a yi, a nemi wanda za a je wa. Kusan kowannenmu yana da kawu a Brussels ko yaya a Paris da aka daɗe ana cewa za a leƙa.

Baba ya yi kwana biyu a Hamburg. Ya dawo da wata jar hula da amininsa ya ba shi da labaran makarantar kwana da ba mu taɓa ji ba, har da yadda aka taɓa kama su sun tsallake katanga sun tafi kallon dambe. Bayan kwana uku waya ta nuna 108, aka cire 100, takwas suka wuce sabuwar shekara. Umma ba ta ce komai ba, sai dai washegari na ga ta fito da babban akwatin nan mai ruwan toka ta ajiye a falo.

In akwai mai kati a gidanku, ku karɓi wayar yau ku duba ranar. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.