Ɗalibai Na Nazarin Illar Ƙarar Jirage Ga Dabbar Dolfin

A mashigin teku na Sarasota da ke Jihar Florida ta ƙasar Amurka, masana sun shafe fiye da shekara 50 suna lura da rayuwar dabbar ruwan nan da ake kira dolfin. An soma aikin a shekarar 1970, kuma Dokta Randall Wells, wanda daga baya ya shugabance shi, yana ɗan makarantar sakandare ya shiga a matsayin mai taimako. Har yau ana ɗaukar ɗalibai su yi makonni suna koyon bincike a hannun masanan.

Mai karatu zai so ya san cewa dolfin ba kifi ba ce. Tana shaƙar iska, tana kuma shayar da 'ya'yanta. Da yake haske ba ya nisa a ƙarƙashin ruwa, da kunne take neman abinci: takan fitar da sauti, ta saurari amsa-kuwwarsa, ta gane inda kifi yake. Kowace kuma tana da irin nata fito, wanda 'yan'uwanta ke shaida ta da shi kamar suna. Sauti yakan yi gudun mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, wato ya ninka gudunsa a iska fiye da sau huɗu, don haka ƙarar injin jirgi takan kai nesa ƙwarai.

Aikin ɗaliban shi ne fita cikin kwalekwale, su ɗauki hoton fiffiken bayan kowace dabba domin a tantance ta, su rubuta abin da take yi. Akwai kuma na'urorin sauraro da aka nutsar a ruwa, waɗanda ke naɗar fiton dabbobin haɗe da ƙarar jirage, a zo ofis a tace su.

Wani bincike da aka buga a 2004 ya nuna dabbobin Sarasota sukan yawaita fito da zarar jirgi ya doso su. A wani bincike kuma da aka buga a 2023, masana daga Jami'ar Bristol ta Ingila sun gwada dolfin biyu da aikin haɗin gwiwa. Da aka tsananta ƙara, duk da sun ɗaga murya, nasararsu ta faɗi daga kashi 85 cikin 100 zuwa kashi 62.5.

Ke nan idan ƙara ta yi yawa, uwa na iya kasa jin kiran ɗanta, garke kuma ya kasa haɗa kai wajen farauta. Irin bayanan da ɗaliban ke tarawa su ne hujjar da hukumomi za su dogara da ita in za su ƙayyade gudun jirage a inda dabbobin suke zaune.