Sirrin Kurma a Ɗakin Gwajin Ƙanjamau

Ƙa'idar gwajin ƙanjamau ita ce mutum biyu a ɗaki, mai ba da shawara da wanda ya zo gwaji, kuma abin da aka faɗa a nan yake tsayawa. Kurma da wuya ya samu wannan gata. Jami'in lafiya bai iya maganar hannu ba, don haka sai an shigo da na uku ya yi tafinta, galibi uwa, ko ɗan'uwa, ko miji. Mai karatu ya auna da kansa. Budurwar da za a yi wa tambaya kan mu'amalarta da maza ta hannun yayanta, me za ta faɗa? Matar aure kuwa, mijin da ke tafinta shi zai riga ta sanin sakamakonta. Wasu jami'an kan koma ga rubutu a takarda, alhali kurame da dama a ƙasar nan ba su taɓa shiga aji ba. Shelar rediyo, wadda da ita muka wayar da kan karkara shekara da shekaru, ba ta taɓa isa gare su ba.

Kenya ta gwada wata hanya tun farkon shekarun 2000. Ƙungiyar Liverpool VCT ta horar da kurame su zama masu ba da shawara da yin gwajin da kansu, aka buɗe musu cibiyoyi a Nairobi da Mombasa da Kisumu. Da haka aka fitar da na ukun daga ɗaki.

A ganina wannan ne ya dace da mu, amma da sharaɗi, domin kuramenmu ba harshe ɗaya suke yi ba. Akwai na makaranta, wanda ya samo tushe daga na Amurka ta hannun Andrew Foster, kurma baƙar fata da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Akwai kuma maganar hannu ta ƙasar Hausa, wadda kurame ke koya daga junansu a kasuwa da majalisa, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano, ta wallafa littafi a kanta a 2000. Idan aka horar da ɗan makarantar Tudun Maliki da harshen aji kaɗai, ba lalle ne baƙanike ko ɗan dakon da bai yi boko ba ya fahimce shi ba. Dole a zaɓi masu riƙe da harsunan biyu, kuma a zaɓi mata da yawa.

Akwai wani hanzari da ba na raina shi. Kuramen gari ɗaya kusan duk sun san juna, a tsakaninsu suke aure, tare suke biki da suna. Wani zai fi tsoron ɗan'uwansa kurma ya san sirrinsa fiye da baƙo. Maganin wannan shi ne horo mai tsanani kan riƙon amana, da hukunci ga wanda ya karya shi, da bai wa mai gwaji zaɓin ganin jami'i daga wani gari.

Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ɗora wa asibitocin gwamnati samar da hanyar sadarwa ga irin waɗannan marasa lafiya. Saura hukumar NACA da takwarorinta na jihohi su ɗauki kuramen da aka horar aiki na dindindin, da albashi da ɗakin ganawa mai ƙofa, maimakon a riƙa gayyato su ranar 1 ga Disamba don ɗaukar hoto.