Sannu Ba Ta Hana Zuwa: Tattalin Batirin Kwamfuta

Duk mazaunin Mabera ya san abu biyu: zafin bazara, wanda kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, da kuma ɗaukewar wuta ba sallama. Ga shi kuwa tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, shi ya sa iyaye da yawa suka ƙoƙarta suka saya wa 'ya'yansu kwamfutar tafi-da-gidanka don su riƙa gwaji. Amma sau da yawa ɗalibi yana tsakiyar aiki sai batir ya mutu. To, ina magani?

A cikin kowace kwamfuta akwai wata 'yar na'ura da ake kira furosesa, ita ce ƙwaƙwalwarta. Tana aiki ne da bugu kamar zuciya, ana kuma auna saurinta da gigahaz. Gigahaz 1 shi ne bugu biliyan 1 a daƙiƙa. In tana gudu sosai sai ta nemi ƙarin ƙarfin lantarki, ta kuma yi zafi. Abin lura shi ne, in aka rage ƙarfin lantarkin nan da rabi, wutar da aikinta ke ci takan koma kashi 1 cikin 4. Ashe ragi kaɗan yana jawo riba mai yawa.

Saboda haka ne a shekarar 2000 kamfanin Intel na Amurka ya fito da dabarar SpeedStep, kamfanin AMD kuma ya fito da PowerNow. Dabarar ita ce furosesa ta rage gudu in aiki kaɗan ne, ta ƙara in ya yi yawa. Kamar ɗan kabu-kabu ne: ba ya murɗa totur ƙarshe a cikin lungu, don mai zai ƙone a banza.

Karatu, rubutu da amsa tambayoyin gwaji ba sa bukatar gudu. A kwamfuta mai Windows 10, a danna hoton batir da ke ƙasan allo daga dama, a ja ma'aunin zuwa ɓangaren tattalin batir. A rage hasken allo, a kuma rufe manhajojin da ba a amfani da su.

Sai kuma zafi. In furosesa ta yi zafi ainun, da kanta take rage gudu don kada ta lalace, sai ka ga kwamfuta tana jan ƙafa. Don haka kada a ɗora ta a kan katifa ko matashi, domin suna toshe kafofin iska. Bayan hunturu kuma a kai ta wurin mai gyara ya kakkaɓe ƙurar fankarta.

'Yan'uwana ɗalibai, kayan nan da gumin iyayenmu aka saye su. Mu riƙe su da kyau. Allah ya ba mu sa'a, amin.