Tsohon Banki Ya Koma Masaukin Attajirai

A tsakiyar birnin Landan akwai wani katafaren gini da Edwin Lutyens ya zana a 1924 domin hedkwatar bankin Midland. HSBC ya sayi bankin a 1992, daga baya aka kwashe ma'aikata, ginin ya yi shekaru a rufe. Maimakon rushewa sai aka gyara shi, aka buɗe a 2017 a matsayin otal ɗin The Ned mai ɗakuna kusan 250. Zauren da ake layin ajiyar kuɗi ya koma wuraren cin abinci.

Mu 'yan kasuwa mun sani, ciniki kan tashi, amma ginin bakin hanya ba ya rasa mai so. Kafin mu rushe tsohon kanti, mu yi lissafi tukuna.