Beli Iri Biyu Ne: Abin da Ya Kamata Dangi Su Sani Idan An Kama Baƙo a Amurka

Da zarar labari ya iso gida cewa an kama wani ɗan'uwa a Amurka, tambayar farko da dangi ke yi ita ce, "Nawa ne belin?" Nan take a fara karo-karo, wani ya sa fili a kasuwa, wata ta fito da zinarenta. Zumunci ne, kuma abin yabo ne. Sai dai akwai tambayar da ta kamata ta riga wannan: wa ya kama shi, kuma wane belin ake magana? Ga wanda ba ɗan ƙasar ba, beli iri biyu ne, kowanne da kotunsa da dokarsa, kuma biyan ɗaya ba ya ɗauke ɗayan.

Na farko shi ne belin kotun laifi. Idan 'yan sanda suka kama mutum kan faɗa ko sata ko tuƙi cikin maye, alƙali yakan yanka wani kuɗi da za a ajiye, a sake shi ya riƙa zuwa shari'a daga gida. Wanda ya halarci kowane zama, kuɗinsa na dawo masa. Wanda ba shi da halin ajiye kuɗin gaba ɗaya yakan je wurin dillalan beli, kamfanonin da sana'arsu ke nan, su tsaya masa, su karɓi la'ada, yawanci kashi 10 cikin ɗari. Wannan la'adar ta tafi ke nan, ko da an wanke mutum daga baya. Tsarin ya bambanta daga jiha zuwa jiha: Kentaki da Oregon da Wiskonsin sun haramta wannan dillanci, jihar Ilinoi kuwa ta soke belin kuɗi kacokan a watan Satumba na 2023.

Inda baƙo ya sha bamban da ɗan ƙasa shi ne a teburin rajista na gidan yari. Duk wanda aka kama ana ɗaukar zanen yatsunsa a aika wa hukumar FBI, daga can bayanin ya isa ga ICE, hukumar da ke kamawa da tasa ƙeyar baƙi tun 2003. Idan ICE ta ga mutum na da matsalar takardu, takan aika wa gidan yarin takarda cewa a ci gaba da riƙe shi har awa 48 bayan lokacin da ya kamata a sake shi, domin jami'anta su zo su ɗauke shi. Jihohin Tekzas da Filorida sun wajabta wa gidajen yarinsu bin wannan buƙata, Kalifoniya da Ilinoi sun taƙaita ta.

A ƙaddara wani matashi ne ya shiga da bizar karatu, ta ƙare, ya ci gaba da zama yana tuƙa tasi. Rikici ya haɗa shi da fasinja, aka kama shi, alƙali ya yanka dala 5,000. Abokai suka ruga wurin dillali suka biya dala 500, suka tsaya a bakin ƙofa da rigar sanyinsa suna jira. Bai fito ta nan ba. Ta ƙofar baya aka miƙa shi ga ICE, bayan 'yan kwanaki ya tsinci kansa a wani gidan tsare baƙi a Luwiziyana, nesa da lauyansa da shaidunsa. Ranar zaman kotun laifi ta zo, bai bayyana ba, alƙali na iya ba da sammacin kama shi, dillali kuma ya dawo kan waɗanda suka sa hannu. An gudu ba a tsira ba. Shi ya sa lauyoyi kan ce a fara binciko ko ICE ta aiko da takardarta kafin a biya ko sisi.

Haka ma amsa laifi. Mai gabatar da ƙara yakan ce wa wanda ake tuhuma ya amsa ƙaramin laifi a sallame shi yau. Ga ɗan ƙasa wannan sauƙi ne, ga baƙo yana iya zama sanadin kora, har ga mai katin zama na dindindin. Tun 2010, a shari'ar Padilla da jihar Kentaki, Kotun Ƙolin Amurka ta wajabta wa lauya ya sanar da baƙo wannan haɗarin kafin ya amsa laifi.

Na biyu shi ne belin shige da fice. A dokar Amurka, shari'ar korar baƙo ba shari'ar laifi ba ce, saboda haka gwamnati ba ta ba mutum lauya kyauta kamar yadda take yi a kotun laifi. Ko ya ɗauki nasa, ko ya samu ƙungiyar agaji, ko ya tsaya shi kaɗai. Jami'in ICE ne ke fara yanke shawarar ko za a ba da beli da kuma nawa. Wanda bai gamsu ba yana da damar neman zama gaban alƙalin shige da fice, wanda ma'aikaci ne a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a. Mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a yanka shi ne dala 1,500, sama kuwa ba iyaka, kuma ba abin mamaki ba ne a ji dala 10,000 ko fiye.

A wannan zaman, nauyin hujja yana wuyan wanda aka tsare. Shi zai gamsar da alƙali kan abu biyu: ba shi da haɗari ga jama'a, kuma ba zai gudu ba. Rantsuwa da roƙo ba sa aiki a nan, takardu ke magana: yarjejeniyar hayar gida mai nuna tsayayyen adireshi, shaidar aure da takardun haihuwar 'ya'ya, wasiƙar wurin aiki, shaidar biyan haraji, wasiƙar limami ko shugaban ƙungiyar al'umma, da cikakken bayanin yadda kowace tsohuwar tuhuma ta ƙare. Nan ne dangi da abokai za su fi amfani, domin wanda ke tsare ba shi da hanyar tattara su.

Ba kowa ke da haƙƙin wannan belin ba. Wata doka ta 1996 ta wajabta tsare masu wasu laifuka, kamar na miyagun ƙwayoyi da manyan laifuka, ba tare da beli ba, kuma Kotun Ƙoli ta amince da hakan a 2003. A watan Janairu na 2025 aka sa hannu kan dokar Laken Riley, wadda ta ƙara da waɗanda suka shiga ƙasar ba bisa ƙa'ida ba idan aka kama su kan sata, ko da ta ɗan kaya ce a kanti, tun kafin kotu ta same su da laifi. A watan Satumba na shekarar, hukumar ɗaukaka ƙarar shige da fice ta yanke cewa waɗanda suka tsallaka iyaka a ɓoye ba su da damar neman beli gaban alƙali, hukuncin da alƙalan tarayya da yawa suka ƙi bi. Wanda ya shiga da biza ta ƙare masa, matsayinsa daban ne: in ba shi da irin waɗancan laifuka, ƙofar neman beli a buɗe take.

Idan an yanka belin, gwamnati gaba ɗaya take karɓar kuɗinta, ba kashi-kashi. Mai tsayawa dole ya zama ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin, ko ofishin lauyoyi, ko wata ƙungiyar agaji, kuma tun 2023 akasarin biyan ta intanet ake yi, ta tsarin CeBONDS. Ya sani cewa da ya sa hannu a fom I-352 ya ɗauki alkawarin gabatar da mutumin duk ranar da aka neme shi. In an cika alkawari har shari'a ta ƙare, ko da hukuncin kora ne aka bi, kuɗin zai dawo da ɗan ruwa a kai, kuma ga wanda sunansa ke kan takarda zai dawo, ba ga waɗanda suka yi karo-karo ba. Don haka a zaɓi mai amana, a rubuta abin da kowa ya bayar, a adana rasit, domin shari'ar na iya ɗaukar shekaru.

Akwai kamfanonin da ke tsaya wa mutum a nan ma, sai dai la'adarsu ta fi tsada, galibi kashi 15 zuwa 20, kuma sukan nemi jinginar gida ko mota. A karanta yarjejeniyarsu da idon basira. Kamfanin Libre by Nexus ya riƙa ɗaura wa baƙi na'urar bin sawu a ƙafa yana karɓar dala 420 kowane wata, da yawansu suna zaton belin suke biya a hankali, alhali kuɗin haya ne da ba ya dawowa. A 2024 wata kotun tarayya a Bajiniya ta yanke wa kamfanin da masu shi hukuncin biyan sama da dala miliyan 811.

Fitowa a beli ba takardar zama ba ce, ba kuma ƙarshen shari'a ba ne. Wanda ya tsallake zama ɗaya, alƙali na iya yanke masa hukuncin kora a bayan idonsa, kuɗin mai tsaya masa ya salwanta. Sau da yawa sanadin bai wuce sauya gida ba: sammaci ya tafi tsohon adireshi. Doka ta ba da kwana biyar a sanar da kotu sabon wuri.

Ga mai ɗan'uwa a can, tun ana zaune lafiya ya kamata a yi shiri. A san lambarsa ta shige da fice, wadda ke farawa da harafin A, domin da ita ake nemo inda aka tsare mutum a shafin ICE. A ajiye kwafin takardunsa wurin amintacce, a kuma tuna masa yana da haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa. In abin ya faru, kada ya sa hannu kan takardar da bai fahimta ba, ku kuma kada ku tura kuɗi ga duk wanda ya bugo waya yana cewa a biya yau ko a kore shi gobe. A fara neman lauya mai lasisi wanda ya san dokar shige da fice, sannan a yi maganar kuɗi.